Yaron da Wuyansa Bai Tsaya Ba: Na'urorin Horar da Wuya da Aikin da Ke Hannun Iyaye

Abin da darasin ya ƙunsa

Wannan darasi na iyaye ne da masu reno, maza da mata, musamman Hausawa mazauna Tamanrasat da garuruwan da ke kan hanyar Arlit, Agadas da Damagaram. Za mu ga dalilin da ya sa wuyan wasu yara ba ya tsayawa a kan lokaci. Za mu san na'urorin da injiniyoyi ke ƙerawa domin horar da irin wannan wuya. Daga nan sai mu duba abin da mutumin da ke nesa da manyan asibitoci zai iya tsinta daga wannan ilimi, ya fara aiki da shi a ɗakinsa.

Me ya sa ake damuwa da wuya?

Jariri da babban kai yake zuwa duniya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa kai ne, alhali a jikin babba bai wuce kashi ɗaya cikin bakwai ko takwas ba. Wannan nauyi yana zaune ne a kan ƙananan ƙasusuwan wuya guda 7, da tsokokin da ba su taɓa ɗaukar kaya ba. Dalilin da ya sa ke nan duk wanda aka miƙa wa jariri ranar suna sai an ce masa ya tallafe ƙeya.

A wata na 1 zuwa na 2, in an kwantar da jariri rub-da-ciki, yakan ɗan ɗaga kai ya mayar. Zuwa wata 4, yawancin jarirai wuyansu ya tsaya. In an riƙe su a zaune kai ba ya rinjaya, in an kamo su daga kwance aka ɗago a hankali kai yana biyo jiki, ba ya saki ta baya. Shi bakwaini ba daga ranar haihuwa ake yi masa lissafi ba, daga ranar da ya kamata a haife shi ake ƙirgawa.

Ikon sarrafa jiki daga sama yake gangarowa: wuya, kafaɗu, ƙirji, ƙugu. Sai wuya ya tsaya ake maganar zama, sai an zauna ake maganar rarrafe. Ba nan abin ya tsaya ba. Idanu a kai suke, haka ma sashen da ke can cikin kunne wanda ke gaya wa jiki ko ya karkata. Haɗiya da numfashi duk ta wuya suke bi. Yaron da haɓarsa ke manne da ƙirjinsa tun safe har dare, tabarma kawai yake gani. Ba ya ganin fuskar uwarsa balle ya mayar mata da murmushi, ba ya ganin abin da hannunsa zai kai gare shi. A hankali mutanen gida sai su daina yi masa magana, su ce ai ba ya ganewa. Sau da yawa yana ganewa sarai, ɗago kan ne ya gagare shi.

Larurar da ke jawo haka

Babban abin da ke hana wuya tsayawa shi ne shanyewar jiki sakamakon taɓuwar ƙwaƙwalwa, wadda wasu ke haɗawa da wasu larurori daban su kira su duka galahanga. A takardun asibitin Aljeriya da Nijar kuna iya ganin an rubuta haruffa uku, IMC. Rauni ne da ƙwaƙwalwa ke samu tun yaro yana ciki, ko lokacin haihuwa, ko a farkon rayuwarsa. Raunin kansa ba ya ƙaruwa, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Tsokar wuyan lafiyarta lau da farko, saƙon da ke zuwar mata daga ƙwaƙwalwa ne ya rikice. Kusan 8 cikin 10 na masu larurar jikinsu sanƙarewa yake yi. Wasu jikin saki yake yi lakwaf, wasu kuma motsi yake ta yi ba da son ransu ba.

Wani likitan ƙashi na Landan, William Little, shi ne ya gabatar wa likitoci bayani a 1861 cewa wahalar haihuwa da haihuwar bakwaini suna da alaƙa da wannan sanƙarewa. A yau ana ƙiyasta cewa a ƙasashe masu arziki yara ƙasa da 2 ne cikin 1,000 ke da larurar, a ƙasashe matalauta kuwa sun haura 3 cikin 1,000. Bambancin ba na jini ba ne, na kulawa ne. A yankinmu abubuwan da suka fi jawo ta sanannu ne: doguwar naƙuda har jariri ya fito bai yi kuka ba, shawarar jarirai mai tsanani, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa.

Shawara ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce aka fi rainawa. Jaririn da idonsa ko jikinsa ya yi ɗorawa a kwanakin farko, musamman a ranar farko ko ta biyu, ko ya ƙi kama nono, ko kukansa ya yi tsini, asibiti za a kai shi a ranar. Maganin fitila ce mai shuɗin haske da ake sa shi a ƙarƙashinta, in abin ya yi nisa a canja masa jini. Ruwan sukari da jiƙe-jiƙe ba sa komai sai cinye lokaci. Akwai kuma jarirai da yawa a Afirka da jininsu ke saurin fashewa in sun haɗu da kafur ɗin da ake sawa cikin kayan jarirai, ko lalle. A nisanta su da jariri. Shi kuwa zazzaɓin cizon sauro, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa Aljeriya ta rabu da shi, amma matafiya na shigo da shi daga kudu, kamar yadda aka gani a Tamanrasat da In Gezam a ƙarshen daminar 2024. Yaron da ya dawo daga Nijar ko Mali da zazzaɓi, a gaya wa likita inda ya fito.

A wasu garuruwanmu ana kiran irin wannan yaro ɗan ruwa, a ce aljanu ne suka musanya shi, ko a ɗora wa uwar laifi. Babu gaskiya a ciki ko kaɗan. Ɗan mutum ne da ƙwaƙwalwarsa ta ji ciwo, kuma yi masa addu'a ba ya hana a kai shi wurin masu gashin ƙashi.

Likitoci suna raba masu larurar mataki 5, bisa wani ma'auni da masana suka fitar a Kanada a 1997. Ɗan mataki na 1 yana tafiya da ƙafarsa, har ya yi gudu. Ɗan mataki na 5 ba ya iya riƙe kansa ko gangar jikinsa sai da tallafi. Maganar wuya ta fi shafar 'yan mataki na 4 da na 5, kuma su ne aka daɗe ana mantawa da su, domin yawancin dabarun horo an tsara su ne don yaron da ya riga ya iya zama.

Abin da injiniyoyi suka ƙera

In an ce mutum-mutumi, kada ku zaci wani dodon ƙarfe mai hannu da ƙafa irin na fim. A fagen jinya, na'ura ce mai sassa uku. Akwai ma'aunai da ke jin yadda jiki ya motsa. Akwai kwamfuta da ke karɓar wannan labari ta yanke abin da za a yi. Akwai ƙananan injina da ke tura gaɓa ko su ja ta. Duk wannan yana faruwa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya.

Da hannu da ƙafa aka fara. A Amurka, tun wajen 1990 aka ƙera MIT-Manus domin horar da hannun waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. A Suwizalan aka fito da Lokomat, wadda ke rataye mutum a kan bel mai tafiya tana motsa masa ƙafafu, daga baya aka yi ta yara. A Sifaniya, injiniya Elena García Armada ta jagoranci ƙera wata rigar ƙarfe ta yara mai suna ATLAS 2030, wadda ta samu izinin shiga asibitocin Turai a 2021. Wuya ne aka bari a baya, kuma da dalili. Wuri ne ƙarami, mai motsi ta fuska uku: sunkuyawa da ɗagawa, karkata zuwa kafaɗa, da waige. Ga laka, ga maƙogwaro, ga manyan hanyoyin jini duk a wurin. Kuskuren da ƙafa za ta jure, wuya ba zai jure ba.

Wanda ya yi fice a wannan aiki shi ne Farfesa Sunil Agrawal na Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York. Shi da ɗalibinsa Haohan Zhang sun ƙera wani abin wuya da ke zaune a kan kafaɗu, da sanduna masu gaɓoɓi da ke tasowa su haɗu da maɗaurin goshi, kowace da ƙaramin injinta. A 2019 suka wallafa gwajin da suka yi da manya 11 masu cutar ALS, wato cutar da ta kama masanin kimiyyar nan Stephen Hawking, wadda ke kashe tsoka har kai ya riƙa faɗuwa. Na'urar tana ba da damar kusan kashi 70 cikin 100 na motsin da lafiyayyen wuya ke yi. Tana iya tsayawa a matsayin ma'auni kawai, ta rubuta iya inda mutum ya juya kansa da yadda tsokarsa ta yi aiki, tana kuma iya ɗaukar kan da kanta.

A ɓangaren yara masu taɓuwar ƙwaƙwalwa, wannan ɗakin bincike ya yi wata na'ura mai suna TruST, ta horar da gangar jiki. Ana zaunar da yaro a kan benci, a ɗaura masa ɗamara a ƙirji, igiyoyi su tashi daga ɗamarar zuwa injina. Kwamfuta ta riga ta auna iya da'irar da yaron zai iya karkata ba tare da ya faɗi ba. Muddin yana cikin da'irar, igiyoyin ba sa tsoma baki. Da zarar ya miƙa hannu zai kamo abin wasa ya wuce iyaka, sai su tare shi su ba shi damar dawowa da kansa. Yayin da ya ƙware, sai a sauke ɗamarar ƙasa kaɗan, a bar masa ƙarin sashen jiki da zai riƙe da ƙarfinsa. A 2020 aka wallafa sakamako: yara 4, 'yan shekara 6 zuwa 14, zama 12 na awa biyu-biyu. Da'irar zamansu ta faɗaɗa, kuma bayan wata 3 aka tarar ribar ba ta zube ba.

Akwai wata hanya da ba ta da inji ko ɗaya. Masu bincike na hukumar kimiyya ta Sifaniya, cikinsu har da Rafael Raya, sun ƙera ENLAZA, wani ɗan ma'auni da ake ɗaurawa a kai. In yaro ya juya kai dama, alamar da ke kan allon kwamfuta ta tafi dama. Wasa ke nan, amma ba zai ci wasan ba sai ya riƙe kansa ya sarrafa shi. An yi gwaji da yara 10, rabinsu suka yi wasa da ita, a wata cibiyar jinya a birnin Rum, aka wallafa a 2017. A Sifaniyar dai aka ƙera Headpod, wanda shi ba mutum-mutumi ba ne, maɗauri ne mai roba da ke rataye kai daga sama, ya rage masa nauyi ba tare da ya hana shi waige ba.

Dabarar da ke ƙarƙashin ƙarfen

In kun lura, yawancin waɗannan na'urori abu ɗaya suke yi: taimako gwargwadon buƙata. Wanda ya taɓa koya wa yaro keke ya san wannan. In ka ƙanƙame sirdin, yaron ba zai taɓa iyawa ba. In ka sake shi tun farko, zai sha ƙasa ya tsani keken. Riƙo ake yi ana sassautawa, hannu na kusa.

Dalilinsa yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke koyo. Sashen da ya mutu ba ya dawowa, amma sassan da ke raye suna iya shimfiɗa sababbin hanyoyi, kuma hanyar da aka fi bi ita ke ƙarfi. Sharaɗin shi ne yaron da kansa ya yi yunƙurin, yana da abin da yake so ya cim ma, ya maimaita sau da yawa. Motsin da aka yi masa yana kwance ba ya koya wa ƙwaƙwalwa abin kirki, ko da yana hana gaɓoɓi ƙagewa. Kafin yaro ya cika shekara 3 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 80 cikin 100 na girman ta babba, shi ya sa watannin farko suke da tsada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga nan za ku gane kuskuren sa wa yaro sandararren abin wuya irin na masu haɗarin mota, ko naɗe masa wuya da tsumma a bar shi haka duk yini. Kan zai miƙe a ido, tsokar kuwa hutu aka ba ta, sai ta ƙara lalacewa.

Abin da na'ura ta fi mutum da shi biyu ne. Ba ta gajiya, kuma tana aunawa daidai, ba ta cewa "kamar ya ɗan samu sauƙi".

A yi wa labarin adalci

Ku sake duba alƙaluman: manya 11, yara 4, yara 10. Wannan matakin gwaji ne. Ya nuna cewa abin yana yiwuwa, bai nuna cewa ya fi ƙwararren mai gashin ƙashi ba. A 2020 wata masaniya 'yar Ostireliya, Iona Novak, da abokan aikinta suka tace binciken da aka yi a kan hanyoyin jinyar wannan larura. Waɗanda suka fi samun hujja su ne horon da yaro ke yi da kansa domin wata manufa takamaimai, da shirin horo na gida wanda iyaye ke yi bisa jagorancin ƙwararre. Na'urorin mutum-mutumi suna cikin waɗanda ake fata a kansu amma hujjar ba ta cika ba. Ko Lokomat, da ta shekara fiye da 20 a kasuwa kuma kuɗinta ya kai ɗaruruwan dubban daloli, har yanzu masana na muhawara a kan ko ta fi horon da aka saba.

Saboda haka duk wanda ya ce muku yana da inji, ko allura, ko wata tiyata a ƙasar waje da zai warkar da yaron tas, ku riƙe kuɗinku. Larurar ba ta da waraka gaba ɗaya a yau. Abin da ake samu shi ne ci gaba, wani lokaci mai yawa, wani lokaci kaɗan. Akwai 'yan mataki na 5 da wuyansu ba zai taɓa tsayawa sosai ba, komai ƙoƙarin iyaye. Su abin da ake nema musu shi ne kujera mai matashin kai, su ga duniya, su ci abinci ba ƙwarewa, su zauna cikin mutane. Wannan ma nasara ce, kuma ba laifin uwa ba ne in an tsaya a nan.

Daga Tamanrasat

Tsakanin Tamanrasat da birnin Aljas akwai tafiyar kusan kilomita 2,000. Zuwa In Gezam, bakin iyakar Nijar, kusan 400. Aljeriya ta mayar da magani kyauta a asibitocin gwamnati tun 1974, ta yi dokar kare masu naƙasa a 2002, tana kuma da hukumar ONAAPH da aka kafa a 1988 domin samar da kekuna, takalma da sauran kayan tallafi. Amma manyan asibitocin gashin ƙashi, irin na Tixeraïne da Azur Plage kusa da Aljas da na Séraïdi kusa da Annaba, duk a arewa suke. Katin naƙasa da biyan kuɗin kayan tallafi kuma da takardu suke tafiya, abin da baƙi da yawa ba su da shi. Ga wanda ke da hanyar kudu, akwai babban asibitin Damagaram, akwai asibitin yara na CURE a Yamai, akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin ƙashi na Dala.

A ce ma an kawo na'urar wuya garin nan gobe. Tana buƙatar wutar da ba ta yankewa, da ɗakin da ƙurar hamada ba ta shiga, da injiniyan da zai gyara ta, da ƙwararren da zai daidaita ta da wuyan yaron da ke girma kowane wata. Kuma yaro ɗaya take ɗauka a lokaci guda. A ganina, kuɗin na'ura ɗaya in an horar da masu gashin ƙashi da shi aka sayi fitilun shawara, ya fi amfani ga kudancin Aljeriya da Nijar a halin yanzu. Kada kuma jita-jitar cewa akwai magani a arewa ta sa a ɗauki yaro marar lafiya a bi hanyar ɓoye ta hamada. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwaki 92 a kan wannan hanya, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. Yawon bara da irin wannan yaro a goye, kansa na reto cikin rana daga safe zuwa yamma, yana cinye ainihin shekarun da wuyansa zai iya koyo.

Aikin gida

Kafin a fara, likita ko mai gashin ƙashi ya ga yaron, domin akwai wasu cututtuka na tsoka da na ƙashin wuya da ke kama da wannan, kuma horonsu daban ne.

Wata ƙwararriya a Ingila, Penelope Butler, ta tsara horo daga sama zuwa ƙasa tun kafin na'urar TruST, kuma hannu yana iya yinsa. A zaunar da yaro a cinya yana fuskantar mai riƙonsa. A riƙe shi daram a kafaɗu, ya zama wuya kaɗai ne aikinsa. A yi masa magana, a kira sunansa, wani yayansa ya kaɗa masa gwangwani mai tsakuwa a daidai idonsa, ya matsa da shi dama da hagu a hankali. In kan ya fara faɗuwa, a ba shi ɗan lokaci ya yi yunƙurin dawo da shi kafin a taimaka. Ranar da ya iya riƙe kai da kyau, sai a sauke hannu zuwa hammata. Bayan makonni ko watanni, zuwa haƙarƙari, sannan ƙugu.

A riƙa kwantar da shi rub-da-ciki yana farke, da naɗaɗɗen zane a ƙarƙashin ƙirjinsa, hannuwansa a gaba, madubi ko fuskar mutum a gabansa. In ya ƙi tabarma, uwa ko uba su jingina su ɗora shi a ƙirji. Minti kaɗan sau da yawa a yini ya fi awa guda ta kuka. Ba a yi nan take bayan cin abinci, kuma barci a rigingine ake sa jariri.

Yaro mai sanƙarewa yakan banƙare ya jefa kai baya. Kada a tura ƙeyarsa gaba, ƙara banƙarewa zai yi. A lanƙwasa ƙugunsa da gwiwoyinsa, a kawo kafaɗunsa gaba, kan zai biyo.

Goyo alheri ne. Buɗe ƙafafun da yake sa yaro ya yi yana da amfani ga mai ƙafafu masu harɗewa, kuma motsin uwa horo ne ga wuya. Wani masani, Charles Super, ya nuna a Kenya a 1976 cewa jariran da iyayensu ke koya musu zama da gangan sukan riga na Amurka zama da kusan wata guda. Wato abin da kakanninmu ke yi na zaunar da jariri a kewaye shi da tsumma yana da tushe. Sai dai ga mai sakin wuya, zane ya hau har ƙeya in zai yi barci ko za a yi tafiya mai nisa, a riƙa kuma sauya gefen da fuskarsa ke kallo.

Kujera ba sai ta ƙarfe ba. Wani malami a Zimbabuwe, Bevill Packer, ya fito da dabarar yin kayan ɗaki da kwali da takarda, kuma yau ana yi wa yara masu wannan larura kujeru da ita a ƙasashen Afirka da dama. Ana liƙa kwali fale-fale uku ko huɗu da kunun fulawa, layin kowane falle ya gicciye na ƙasansa, a danne har ya bushe, a yanka, a haɗa, a lulluɓe da takarda. Tamanrasat gari ne na fatauci, kwali ba ya wuya a kasuwa, busasshiyar iskar garin kuma tana busar da shi da wuri. A auna kujerar da jikin yaron: ƙugu ya shige har baya, tafin ƙafa ya taka wani abu, ɗan tebur a gaba a daidai gwiwar hannu.

Wajen cin abinci ne ake rasa yara da yawa. A ciyar da shi a zaune, haɓa ta ɗan sunkuya, cokali ya zo daga gaba ba daga sama ba. Kunu mai ɗan kauri ya fi tsararo sauƙin haɗiya ga yawancinsu. Ɗura, wato a kwantar da yaro a toshe masa hanci a zuba masa kunu, haɗari ce ga kowane yaro, ga wannan kuwa tana iya kisa, domin kunun huhu yake wucewa. Tari lokacin cin abinci, numfashi mai gurnani, yawan ciwon haƙarƙari, ramewa ko jijjiga, duk dalilai ne na komawa asibiti. Kusan 1 cikin 4 na waɗannan yara suna da farfaɗiya, kuma tana da magani.

Saura awo, kuma a nan karatun da kuke yi a wannan aji zai yi muku rana. Ku ware shafi a littafi. Kowace Juma'a ku zaunar da yaron yadda kuka saba, ku duba agogon waya, ku rubuta kwanan wata, da inda kuka riƙe shi, da daƙiƙa nawa ya riƙe kansa. Sau ɗaya a wata ku ɗauki gajeren bidiyo. Daga daƙiƙa 3 zuwa 10 ci gaba ne da ido ba ya gani amma takarda ta gani, kuma shi ne abin da za ku nuna wa likita.

Maigida, wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Matar da ke girki da wanki da renon sauran yara ba za ta iya horo sau biyar a yini ita kaɗai ba. Ɗauki na bayan asuba da na bayan magariba.

Tambayoyi da aiki

1. A wata nawa ake sa ran wuyan jariri ya tsaya? Yaya ake lissafi ga bakwaini?
2. Kawo abubuwa 3 da ke jawo taɓuwar ƙwaƙwalwar jariri a yankinmu, ka faɗi wanda za a iya karewa a makon farko na haihuwa.
3. Bayyana da kalmominka yadda na'urar TruST ke aiki, da yadda hannun uwa zai kwaikwaye ta.
4. Wani ya ce a sayar da gona a kai yaro waje a sa shi a inji ya warke. Wace amsa za ka ba shi?
5. Ku kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya kawo kwali da fulawa a zama na gaba, za mu gwada haɗa ƙaramar kujera.

Kafin mu sake haɗuwa, kowa ya duba gidansa da maƙwabtansa. In akwai jaririn da ya wuce wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ku gaya wa iyayensa cikin mutunci su kai shi asibiti a wannan makon, kada su jira ya shekara.